Totuwar masara da buntun shinkafa: za su shiga sabulu da man shafawa kuwa?

Maman Sadiya, Tudun Jukun

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sana'ar da waɗanda suka karanci abin nake roƙo su amsa mini.

Sabulu nake yi a gida, na wanka da na wanki, sai ɗan man kaɗe da nake haɗawa lokacin sanyi. Soda da man alayyadi da turare duk a kasuwar Sabon Garin Zariya nake saye, kuma duk mai wannan harka ta san inda kuɗinsu ya kai. In na ƙara wa sabulun kuɗi matan unguwa su ce gara na kanti. In ban ƙara ba, uwar kuɗin ce ke tafiya.

Maigidana yana noman masara da 'yar shinkafa wajen Soba. In an gama casa da inji, totuwa tsibi guda ake bari a bakin gona, mata su ɗebi ta girki, saura a cinna mata wuta ko ta zauna har damina ta ruɓar da ita. Bayan injin shinkafa kuwa buntu ne tudu guda, wani lokaci yana ta hayaƙi kwana da kwanaki. Da bazara ƙwallon mangwaro ya cika kwata, da rani tumatirin fadamar Galma da bai samu mai saye ba a zubar.

Ƙanwata da ke karatu a ABU ta nuna mini a waya yadda Turawa ke mayar da irin wannan shara kayan kwalliya. Akwai kamfanin Caudalie a Faransa da ya tashi a kan ƙwayar inabin da ake zubarwa bayan an matse ruwan. Akwai UpCircle a Ingila, suna karɓar garin kofi da aka gama dafawa a shagunan shan kofi, su yi abin goge fata da shi. Kuma da tsada suke sayarwa, don mutanensu suna biyan kuɗi a kan abin da bai ɓata muhalli ba.

Ni ba kamfani zan buɗe ba, kuma ba ni da inji. Murhu gare ni da tukwane da turmi. Cikin totuwa, buntu, ɓawon gyaɗa, ƙwallon mangwaro da tumatir, wanne ne mace irina za ta iya sarrafawa a tsakar gida ya rage mata sayen soda ko mai, kuma ba ta ƙona fatar 'ya'yan mutane ba? Wanne ne kuma sai masu manyan injina? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Goggon Kwarbai

Wa alaikumus salam. Jikata ce ta karanta mini tambayarki, ita ce kuma ke rubuta abin da nake faɗa.

'Yata, kafin soda ta cika kasuwa da me kike tsammani muke sabulu? Da toka. Sabulun salo ai toka ce da mai, ba wani abu. Yarbawa suna yin nasu da tokar ɓawon koko da na ayaba, mu kuma da karan dawa, karan riɗi da totuwa. A cikinsu totuwa tana gaba-gaba wajen ƙarfi. Tunda kina da ita kyauta, da ita za ki fara.

Sai ta bushe ƙayau. Wadda ruwan sama ya daka har ta yi baƙi-baƙi, ƙarfinta ya riga ya bi ƙasa, bar wa gona ita. Ki share wuri mai tauri ko ki sami rabin duro, ki ƙona ta ita kaɗai. Da karmami ake kunnawa, ban da kalanzir, ban da fetur. Tokar murhun gida kuwa na daina yarda da ita, don matan yanzu da leda suke hura wuta, yara kuma su jefa mataccen batir a ciki. Ki bar wutar ta cinye har tokar ta yi fari-fari. In kin ga gawayi ya yi yawa, ba ta ƙonu ba.

Sai tata. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko yankin buhun algarara, a zuba toka a danna, a ɗora a kan duwatsu, a sa kwano a ƙarƙashi. Ruwa kaɗan-kaɗan ake zubawa, ba a malala shi. Ruwan sama ya fi na rijiya in kina da shi a ajiye. Zai riƙa ɗiga jajaja, kalar shayin da ba madara. Na farko shi ne mai ƙarfi, ki ware shi. Na biyu da na uku ki mayar da su kan sabuwar toka. Daga nan ki ɗora a wuta ya ƙone ya ragu. Mu da ɗanyen ƙwai muke gwadawa: in ya nutse, a ci gaba da dafawa, in ya taso ya nuna ɗan kansa a saman ruwa, to ya isa.

Tukunya, ki ji ni da kyau: kada ki kuskura ki sa ta dalma. Ruwan toka cin ta yake, ta yi baƙi, ta huje, sabulun ma ya ɓaci. Ta ƙasa ko ta baƙin ƙarfe. Kuma kada kayan su wuce rabin tukunya, don in ya fara kumfa tasowa yake gaba ɗaya, kafin ki juya ya kashe miki wuta.

Ki narka man kaɗe, ki riƙa zuba ruwan tokar da ludayi kina juyawa da muciyar da ba za ta sake komawa tuwo ba. Aikin ba na mai gaggawa ba ne, in kin ɗora da hantsi kina iya kaiwa la'asar. Kumfar za ta tashi ta kwanta, ta tashi ta kwanta, har ya yi kauri ya fara sakin gefen tukunya. Ki ɗebi ɗan kaɗan ki murza a kwanon ruwa. In maiƙo ya taso, toka ta yi kaɗan, ki ƙara. In ya yi kumfa ruwan bai yi maiƙo ba, ya nuna. Mu har ɗanɗanawa muke da bakin harshe, in ya yi yaji a ƙara mai.

In ya huce a dunƙula, a ajiye a inuwa sati biyu ko uku kafin a taɓa. Kuma sabulun toka yana jan danshi, da damina sai ki ga yana gumi yana narkewa. Da hunturu ake yin sa, a naɗe shi da kyau.

Baƙin da kike gani a jikinsa daga toka ne da dahuwa. Masu zuba masa kala don ya ƙara baƙi, ha'inci ne kawai. Sauran abubuwan da kika lissafa ban taɓa sabulu da su ba, sai masu boko su faɗa.

Malamin Kimiyya, Samaru

Allah ya ƙara wa Goggo lafiya, ta gama rabin aikin. Ni lissafi zan ƙara, don Maman Sadiya ta san girman abin da za ta shiga.

Abin da ke narkewa daga tokar ya bi ruwa shi ne fotash. Shi ke haɗuwa da mai ya zama sabulu, kamar yadda soda ke yi, sai dai bai kai ta ƙarfi ba. Shi ya sa sai an daɗe ana dafawa. Sabulun fotash kuma laushi gare shi, na soda ke da tauri. To amma totuwa ba ta da toka da yawa. Kilo 100 na busasshiyar totuwa, tokar da zai bari ba ta wuce kilo 2 da wani abu. Tokar kuma ba duka ke narkewa ba. Kilo ɗaya na man kaɗe ko man gyaɗa yana neman kusan kwatan kilo na tsantsar fotash, man alayyadi ma ya fi haka ci. In muka ƙaddara kashi ɗaya cikin uku na tokar ne fotash, kilo 100 ɗin nan bai isa kilo uku na mai ba. Don haka Hajiya, totuwa ba za ta maye miki gurbin soda a sabulun wanki ba, ga kuma itacen dahuwa. Inda ribar take shi ne ki yi sabulun salo na wanka mai kyau, ki sayar da shi a kuɗin sabulun salo.

Abu biyu zan saɓa wa Goggo, da neman afuwa. Gwajin ƙwai nauyin ruwan yake nunawa, ba tsantsar ƙarfinsa ba, don akwai wasu gishiri a toka da ke ƙara nauyi ba sa yin sabulu. Mai sayarwa tana bukatar na yau ya yi daidai da na jiya. Gara ki ƙone ruwan tokar ƙurmus har ya bushe ya bar gishiri mai ruwan ƙasa, ki ajiye a roba mai murfi, ki riƙa aunawa da sikeli kina rubutawa a littafi. Na biyu, a bar harshe. Takardar gwajin pH, wadda ke nuna ƙarfin toka ko tsamin abu da lamba, ba ta da tsada a shagunan kayan gwaje-gwaje. Sabulu mai kyau yana tsakanin 9 da 10. In ya haura haka sosai, bai gama ba. Fatar mutum tana wajen 5 ne, kin ga ko mai kyan ma nesa yake da ita, balle wanda toka ta yi wa yawa. A sa safar hannu ta roba, a kiyaye ido, a kori yara daga wurin.

Buntun shinkafa kuwa yaudara ce ga mai neman toka. Yana barin toka da yawa, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, amma kusan kashi 90 na tokar silika ce, wato sinadarin yashi. Ki tace ta daga safe har dare, ruwan ba zai yi sabulu ba. Abin da ke da daraja a shinkafa shi ne dusa, lallausan garin da ke tsakanin ɓawo da ƙwaya. Tana ɗauke da mai kashi 15 zuwa 20, kuma matan Japan tun da can suke ƙulla ta a ƙyalle su wanke fuska. Matsalarta biyu. Ƙananan injinanmu suna haɗa ta da buntu su fitar tare, buntu kuma kaifi gare shi, yana karce fata. Sannan da zarar an cashe shinkafa man dusar yake fara lalacewa, cikin 'yan kwanaki ta yi warin tsohon mai. Ta shinkafar da aka turara kafin casa ta fi jurewa. In kin samu mai tsabta, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki ɗan gasa a kasko ba tare da ta ƙone ba, ki sa cokali ɗaya ko biyu a kilon sabulu. Fitar da man kanta kuwa a Indiya da Japan da sinadarin hekzen ake yi a masana'anta, ba aikin tsakar gida ba ne.

Ƙwallon mangwaro ma haka. Man da ke cikin ƙwayar wajen kashi 10 ne, turmi da ruwan zafi ba za su fitar da abin kirki ba, ga saurin fumfuna in bai bushe da wuri ba. Man mangwaro da ake gani a kwalabe yawanci daga masana'antun Indiya yake. Ɓawon gyaɗa ki bar wa murhu da masu kaji. Tumatir kuma, jan sinadarin da kamfanoni ke nema daga ɓawon lafiyayyen tumatir suke cire shi a wurin yin na gwangwani. Wanda ya ruɓe a kwando taki ne.

Akwai waɗanda ba ki lissafa ba, kuma sun fi waɗannan. 'Ya'yan dalbejiya da ke zuba a titunan Samaru ana sharewa, ƙwayar cikinsu tana da mai wajen kashi 40, ana dakawa a murza da ɗan ruwan ɗumi ya fito. Wari gare shi, don haka kaɗan ake sawa a sabulu. Ƙwayar aduwa ma mai ne da ita sosai, fasawar ce aiki. Sai kakin zuma, wanda masu zumar gargajiya da yawa ke matse saƙa su watsar. A narka shi a ruwan zafi, a tace, a bari ya daskare a sama. Kashi ɗaya na kaki da huɗu na mai ya ba ki man leɓe da na kaushi. In kina son ganin yadda ake matse dalbejiya da kyau, ki leƙa NARICT, cibiyar binciken sinadarai ta gwamnati da ke Basawa, sun daɗe suna aiki a kanta.

Manomi daga Giwa

Malam ya yi bayani, amma bari in faɗi ta bakin gona.

Hajiya, a idonki na 'yar birni shara ce. A wurinmu kusan komai yana da mai jiransa. Kara, ga danni, ga dabbobi, ga girki. Harawa kuɗi ce tsaba. Dusa masu kiwo sun yi layi. Buntu masu gidan kaji suna shimfiɗawa, su dawo mana da shi taki mu sake saye. Totuwar ma tunda gas da gawayi suka yi tsada, matan ƙauye ba sa barin ta ta kwana a fili kamar da. Ta gonar maigidanki kyauta ce, na yarda. Amma ranar da aka ga kina zuwa da mota kina ɗiba a gonakin mutane, ranar za a yanka mata kuɗi. Ki sa wannan a lissafinki tun yanzu, da kuɗin mota daga Soba.

Sannan abin da Malam ya kira fotash, ai shi ne harafin ƙarshe a jikin buhun NPK da muke saye da tsada. Masara daga ƙasa ta zuƙe shi. In kowace shekara an kwashe kara da totuwa an kai birni, gona ce ke biya. Tsibi ɗaya ba komai. Amma tokar da kika gama tacewa kada ki zubar a kwata, ki tara a buhu maigida ya mayar gona, har yanzu da sauran amfani a jikinta.

Ki kuma tambayi tarihin totuwar. Wadda aka casa daga gona kai tsaye ba matsala. Masarar da ta kwana a sito da totuwarta, wasu suna barbaɗa mata maganin ƙwari, wasu ma fiya-fiya suke fesawa. Ni ba zan tsaya a hayaƙinta ba, balle in shafa wa jikina abin da ya fito daga ciki.

Man kaɗe kuwa, tunda gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida a watan Agustan 2025, kasuwarsa ta yi ta hawa da sauka. Gara ki sami mace ɗaya mai yin sa da hannunta ku ƙulla ciniki, da ki dogara da na kasuwa da ake cakuɗawa.

Maman Sadiya, Tudun Jukun

Goggo, Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Malam da Baba na Giwa, na gode ƙwarai. Lissafin kilo 100 ɗin nan ya ɗan sanyaya mini jiki, amma gara in ji shi yanzu. Zan bar sabulun wanki a kan soda, in gwada na salo da kakin zuma.

Wata tambayar. Masu sayen kayana kullum maganarsu ɗaya: "Yana sa haske?" Na ga masu kayan oganik suna zuba ruwan lemon tsami, zuma, kurkum, ruwan tumatir da ruwan shinkafa a sabulun salo su cika roba, wasu har kirim suke yi da ruwan shinkafa. In na yi haka da kayan gona masu tsabta, akwai laifi? Kuma sai na yi rajistar NAFDAC ko da a unguwa kawai nake sayarwa?

Anti Nas, Tudun Wada

Maman Sadiya, a nan ne nake so ki tsaya, don mu ake kawo wa fuskokin bayan an gama.

Duk abin da kika zuba wa ruwa, ko ruwan tumatir, ko ruwan shinkafa, kin yi wa ƙwayoyin cuta abinci. Ki tuna yadda dafaffiyar shinkafa ke yi in ta kwana a zafin watan Afrilu. Kirim mai ruwa sai da sinadarin hana lalacewa da aka auna daidai, kuma yana iya lalacewa tun ido bai gani ba, hanci bai ji ba. Mace ta shafa a fuskar da ke da ƙuraje, ko ta shafa wa jariri a gindi inda fata ta saluɓe. Tunda ba ki da wurin gwaji, ki tsaya a abin da ba ruwa a ciki: sabulun da ya bushe, man kaɗe da kaki, garin dusa ko dilka da mai saye za ta kwaɓa da kanta lokacin da za ta yi amfani.

Lemon tsami a sabulu ba ya ƙara komai, tsaminsa kashe sabulun yake ya koma maiƙo. A fata kuma in rana ta daki inda aka shafa shi, yana iya ƙonawa ya bar baƙin tabo na watanni. Man dalbejiya na shafawa ne kawai. Ki rubuta a jikin kwalbar cewa ba a sha, don ya taɓa halaka ƙananan yara da aka ɗura wa da sunan magani. Sabulun salo sabon sauka ma ba na jarirai ba ne. Kowane sabon haɗi ki fara gwadawa a cikin damtsenki, ki jira kwana biyu.

Maganar haske, gaskiya ɗaya ce. Babu totuwa ko shinkafa ko tumatir da za su mayar da baƙar mace fara. In kika ga kayan oganik sun yi wannan aiki cikin sati biyu, an zuba wani abu a ɓoye, ko haidurokwinon, ko man tube mai sitiroyid, ko ma sinadarin makyuri da ke taɓa ƙoda. Sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 NAFDAC har ayyana bilicin ta yi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. In sun tambaye ki ki ce yana wanke datti, yana laushin fata. Wasu za su tafi, ki bar su.

Rajista kuwa, doka ba ta ware unguwa ba: kayan shafawa da aka ƙulla don sayarwa suna ƙarƙashin NAFDAC. Ana farawa da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan NAFDAC su duba wurin da ake yi, su gwada kayan. Suna da ofis a Kaduna, ki je ki ji da kunnenki maimakon ki bi ta hannun 'yan tsakiya. Kafin nan ki saba da manna takarda a kowane ƙulli, da abin da ke ciki da ranar da aka yi. Littafin awon da Malam ya ce ki buɗe zai yi miki amfani ranar da suka zo.

Goggon Kwarbai

A gaya wa Malam na ji maganar takarda, ban ƙi ba. Amma sikeli ba zai gaya mata lokacin da tukunya za ta taso ba, sai ta tsaya a kanta. 'Yata, ki fara da gwangwani biyu na mai, kada ki zuba jarinki a karon farko. In ya ƙi haɗuwa kada ki zubar, ki bar shi ya kwana, gobe ki mayar wuta. Kuma zuma in za ki sa, bayan an sauke ne, 'yar kaɗan, in ba haka ba ƙonewa take ta yi ɗaci.

Manomi daga Giwa

Na manta abu ɗaya. Kada ki ɗauko totuwar zuwa Tudun Jukun, maƙwabta ba za su yafe miki hayaƙin ba, kuma kuɗin motar banza ne. A ƙona a can gona cikin duro, tokar ta huce, a zuba a bokiti mai murfi, maigida ya ɗauro a bayan mashin. Da sassafe za a ƙona kafin iskar hunturu ta tashi, a share kewaye, kuma wani ya tsaya har wutar ta mutu, don lokacin casar masara dawar maƙwabta tana tsaye ba a yanke ba.